Ziyarar Zanzibar: Jagora Daga Neman Biza Har Zuwa Bakin Teku

Hotunan Zanzibar da ke yawo a waya kusan duk iri ɗaya ne: farin rairayi, ruwa shuɗi garai-garai, bishiyar kwakwa ta sunkuyo. Babu ƙarya a ciki, duk akwai su. Sai dai mutum yana iya zuba kuɗin jirgi da na otal, ya isa gabashin tsibirin da hantsi, ya tarar ruwan ya janye can nesa, sai ya yi doguwar tafiya a kan duwatsu kafin ya jiƙa gwiwarsa. Wani kuma daga filin jirgi za a zarce da shi otal ɗin bakin ruwa, ya kwashe mako guda a bayan katanga, ya dawo gida bai san an yi wani gari mai tarihi a tsibirin ba. Dukansu biyu abu ɗaya ya ci su: rashin tsara abin da zai zo kafin wani.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba. Tun ranar 26 ga Afrilun 1964 suke haɗe da Tanganyika a ƙasa ɗaya mai suna Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen wurin sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Unguja, wanda shi baƙi ke nufi idan sun ce Zanzibar, tsawonsa bai wuce kilomita 85 ba. Mako guda ya isa a ga abin gani, in an bi shi daki-daki.

Mataki na 1: takardu kafin tikiti

Kada ka soma da sayen tikiti. Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an cike takarda ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, a jira amincewa ta musamman daga hedikwata, kuma jiran yana iya ɗaukar makonni. Ka nema tun da sauran wata biyu, in ta fito sannan ka biya kuɗin jirgi. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Abu na biyu shi ne katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Wanda ya fito daga ƙasashenmu za a tambaye shi. Na uku kuwa sabo ne: tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ana biya ta intanet, a ba ka shaida, ka buga ta a takarda ka kuma ajiye a waya. Sannan ka zazzage jakarka ka fitar da ledoji, domin Tanzaniya ta haramta su tun 2019.

Mataki na 2: duba damina, duba wata

Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga Maris ne zuwa Mayu. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa Disamba, wadda ba ta hana yawo. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da iska mai daɗi, shi ne lokacin da ya fi dacewa da mai iyali. Janairu da Fabrairu zafi ne da gumi, irin wanda wanka ba ya maganinsa.

Yanzu ga abin da 'yan kamfanonin tafiye-tafiye ba su cika faɗa ba. Ruwan teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana guda, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Wata ne ke jan ragamar abin. A farkon watan Musulunci da kuma ranakun 14 da 15, cika da janyewar sukan kai matuƙa, har bambancin ya kai kusan mita huɗu. A waɗannan kwanaki ruwa yakan janye da hantsi, ya dawo ya cika maƙil wajen la'asar. A kwanakin bakwai da takwas na wata, da kuma wajen 22, motsin ba shi da yawa. Wanda ya saba lissafin kwanan wata bai rasa komai ba, amma duk da haka ya nemi jadawalin ruwa na garin da zai sauka, akwai shi a intanet, otal-otal da yawa kuma suna liƙa shi a wurin karɓar baƙi.

In tafiyarka ta faɗa cikin azumi, ka sani gidajen abinci na cikin gari da yawa ba sa buɗewa da rana, kuma cin abinci a kan titi abin kunya ne. Bikin ƙaramar salla kuwa kwana huɗu ake yi, filin Mnazi Mmoja ya cika da yara da sababbin kaya. Mai son kiɗa ya nufi Fabrairu, lokacin bikin Sauti za Busara. A watan Yuli kuma mutanen Makunduchi a kudu suna bikin Mwaka Kogwa, sabuwar shekara ta gargajiyar Shirazawa, masu danganta asalinsu da ƙasar Farisa, inda maza ke tsala wa juna ɓawon jikin ayaba don a huce rigingimun bara, a ƙarshe a cinna wa wata 'yar bukka wuta.

Mataki na 3: hanya da isowa

Jirgin Ethiopian Airlines yana ɗauka daga Kano da Abuja da Legas da Yamai, a sauya a Addis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume da ke gefen birnin Zanzibar. Wanda ya biyo ta Darussalam yana iya hawa jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kimanin awa biyu. Ka sayi tikitin a ofishin kamfanin da kanka, kada ka miƙa kuɗi ga masu tare mutane a bakin ƙofa, kuma ka riƙe fasfo a hannu, domin ana dubawa a tashar ruwan Zanzibar duk da ƙasa ɗaya ce. Na safe ya fi kwanciya. In kana da saurin jiri, sha magani tun kafin a tashi.

Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Akwai kuma wani tarko da ya sha sa baƙi rasa mota: Waswahili suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe shi ne awa ɗaya a wurinsu. Direba ya ce maka zai zo «saa mbili», awa biyu ke nan, ƙarfe 8 yake nufi. Ku daidaita magana a kan fuskar waya kafin ku rabu. Kuɗinsu shilin ne na Tanzaniya. Ka canza isasshe ko ka cira a cikin birni, saboda na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan bakin ruwa, masu canji kuma suna ƙin tsofaffin takardun dala.

Mataki na 4: kwana biyu a tsohon gari

Nan ne shawarata ta saɓa da ta yawancin masu shirya tafiya. Su sukan ba tsohon gari rabin yini. Ni ina ganin kwana biyu cur, kuma a farkon tafiya, tun ƙafa tana da ƙarfi, tun kasalar bakin teku ba ta kama mutum ba.

Sunansa Mji Mkongwe, baƙi na ce masa Stone Town, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. An gina shi da dutsen murjani da farar ƙasa. Lungunansa sun yi kama da na cikin birnin Kano, mota ba ta shiga, sai babur da keke da mai tura kaya yana neman hanya. Za ka ɓace, wannan tilas ne, amma matambayi ba ya ɓata, kuma garin ƙarami ne, duk inda ka miƙe ko dai ka ɓulla bakin teku ko babban titin kasuwa.

Fara da sassafe daga kasuwar Darajani, ɓangaren kifi, lokacin da masunta ke kawo kamun dare ana gwanjonsa. Daga nan ka shiga lungu kana kallon ƙofofi. Su ne adon garin. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, an sassaƙa aya ko sunan mai gida a samansu, gefensu da zanen sarƙa da furanni. Na Indiyawa samansu a lanƙwashe yake, an jera musu manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Kusan kowane gida yana da dakali a ƙofa, baraza a harshensu, kuma nan rayuwar unguwa take. A mahaɗar da ake kira Jaws Corner za ka tarar da dattawa cikin farar kanzu da hula mai aiki, ana zuba baƙin gahawa a 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi, ana musun siyasa da ƙwallo. Yi sallama, za a amsa, a matsa maka wuri.

Ka nemi ɗan rakiya mai katin shaida na hukuma don zagayen farko na awa biyu zuwa uku. Masu bin baƙo a titi suna tallar komai, waɗanda 'yan gari ke kira papasi, a ce musu «hapana, asante», wato a'a, na gode, a wuce, ba sai an yi faɗa ba.

A bakin teku gine-ginen mulki suke jere. Ngome Kongwe, tsohuwar ganuwa, Omanawa ne, wato Larabawan ƙasar Oman, suka gina ta bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Wajen 1840 Sayyid Sa'id ɗan Sultan ya ɗauke fadarsa daga Maskat ta ƙasar Oman ya dawo da ita nan, saboda arzikin kanumfari da hauren giwa da bayi. Ɗansa Bargash ne ya gina Baitul Aja'ib a 1883, gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, aka shiga aikin gyara, don haka ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa rai da shiga. A wannan bakin ruwan ne, ranar 27 ga Agustan 1896, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada luguden wuta saboda Khalid ɗan Bargash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Ba a cika minti 45 ba aka gama, mutum kusan 500 na ɓangarensa suka mutu ko suka jikkata.

Kada ka tsallake Mkunazini, ko da zuciya ba ta so. Nan kasuwar bayi take har 1873, shekarar da Ingila ta matsa wa Bargash ya rufe ta, aka gina majami'ar Angilika a filin. Akwai ɗakin nune-nune da ke bin tarihin tun daga inda ake kamo mutane a can cikin nahiya, wajen manyan tafkuna da Kwango, har zuwa gonakin kanumfari da jiragen da ke haurawa da su. Akwai wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake shiga a sunkuye, da wani rami a waje da aka tsayar da gumakan mutum biyar, sarƙa a wuyansu. Masu wannan ciniki da yawa Musulmi ne, irin su Hamad ɗan Muhammad da aka fi sani da Tippu Tip, wanda gidansa ke unguwar Shangani har yau. Gara mutum ya gani da idonsa ya san haka aka yi.

Masallatai kuwa ko'ina, ba za ka yi tafiyar minti uku ba ka ga wani ba. Na Malindi mai hasumiya kamar mazurari a kife yana cikin mafiya daɗewa. Yawancin mutanen Shafi'awa ne, saboda haka za ka ji liman ya bayyana Bismilla, a sallar asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, mamu na ɗaga hannu suna amin. Akwai kuma 'yan Ibadiyya, jikokin Omanawa, masu sakin hannu a salla.

Da magariba ta wuce sai lambun Forodhani. Masu abinci sun kafa tebura, fitilu na ci, hayaƙin gashi ya turnuƙe. Nemi mai urojo ka tsaya ka ga yadda yake haɗawa: zai jefa dafaffen dankali a kwano, ya murmusa ƙosai da wani curin dankali soyayye, ya yanka dafaffen ƙwai, ya kwararo wani romo mai kauri ruwan ɗorawa mai tsamin mangwaro da lemo, ya zuba miyar kwakwa da barkono, ya watsa soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras a sama. Ka bi shi da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Tsiren nama, mishkaki, ba laifi. Kifi da jatan lande da aka jibge a kan tebur kuwa ni ba na ba da shawararsu, ba ka san tun yaushe suke nan ba. Kowane abu ka tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta.

Mataki na 5: gona da kunkuru

Safiya ɗaya ta isa gonar kayan ƙamshi a Kizimbani ko Kidichi, ƙasa da awa ɗaya daga gari. Ga mutumin da ya tashi yana ganin kanumfari da masoro da kirfa a faranti a kasuwa, abin mamaki ne ya ga uwayensu. Kanumfari ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya shi a tabarma har ya yi baƙi. Masoro yaɗo yake yi ya nannaɗe wata bishiya. Kirfa ɓawo ce: ɗan rakiya zai kankaro maka da wuƙa ka shinshina, sannan ya tono saiwarta, ka ji ita kuma ƙamshin man zafi take yi. Yawancin kanumfarin da ake fitarwa waje daga Pemba yake zuwa, waɗannan gonakin na nuni ne, amma darasin ya biya kuɗinsa. Riƙe canji don yaran da za su saƙa maka hula da ganyen kwakwa.

Da rana ka hau kwalekwale mai inji zuwa Changuu, tafiyar kamar rabin awa. An gina kurkuku a can a 1893, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, aka mai da shi wurin killace masu cuta. Abin kallo shi ne manyan kunkuru da gwamnan Seychelles ya aiko a 1919, wasunsu sun haura shekara 100, girmansu ya kai yaro ya ɓuya a bayan ɗaya. Awa ɗaya ta wadatar.

Mataki na 6: Jozani a kan hanya

Ranar barin gari zuwa gabas, ka ce wa direba ya tsaya a dajin Jozani, a kan hanyar yake, kimanin kilomita 35 daga birni. Gandun ƙasa ne tun 2004, kuma gidan jan birin Zanzibar, wanda ba a samun irinsa a wata ƙasa, adadinsu duka bai kai 6,000 ba. Bayansu ja, fuska baƙa, ga farin gashi a tsaitsaye a ka. Suna da wata dabara: suna cin gawayi, har sata suke yi a wurin masu ƙona shi, domin yana kashe dafin ganyayen da suke ci. Sun saba da mutane ƙwarai, amma ka ba su tazarar mita uku, kada ka ba su abinci, murarka tana iya kama su. A tsallaken titi akwai gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan mikoko masu tsiro a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ƙananan ƙaguwa na kai da kawo a cikin taɓo.

Mataki na 7: wane bakin teku?

Arewa da gabas ba ɗaya ba ne. A Nungwi da Kendwa, can ƙuryar arewa, gaɓar tana da zurfi, ruwa ba ya gudu nesa, ana iya wanka kusan kowane lokaci, kuma ana ganin faɗuwar rana. Sai dai akwai cunkoso da kiɗa da mashaya, a Kendwa ma har da casun dare duk lokacin da wata ya cika. Mai tafiya da iyali ya san da wannan. Abin da ya fi burge ni a Nungwi yana bayan otal-otal ne, inda masassaƙa ke haɗa jiragen katako da gizago da wani abin huji da ake murzawa da igiya, babu zane a takarda, sai ido da gado.

Gabas, wato Matemwe, Bwejuu, Paje da Jambiani, ta fi natsuwa, in ka ɗebe tsakiyar Paje da masu wasan da lema ke jan su a kan ruwa suka mamaye. A nan ne jadawalin ruwa ke mulki. Idan ya cika ka yi wanka. Idan ya janye kada ka zauna kana ƙorafi, sa takalmin roba ka bi matan gari. Za ka gan su sun ɗaura atamfarsu ta kanga, sun zauna dirshan a ruwan da bai wuce ƙugu ba, tsakanin turaku da igiyoyi a jere. Gona ce. Ciyawar teku suke nomawa, mwani, wadda aka kawo irinta daga Filifin aka soma nomanta a 1989. Suna ɗaure 'yan reshe a jikin igiya da zaren leda, bayan mako shida su girbe, su ɗauko a ka, su shanya a ƙofar gida, 'yan kasuwa su saya a kai waje a tace sinadarin da ke sa kauri a man goge baki da askirim. Aikin akwai wuya, kuɗin kaɗan, ɗumamar ruwa kuma tana kashe irin da ya fi tsada. Wasu ƙungiyoyin matan suna yin sabulu da man shafawa da ita, sayen nasu ya fi ba su riba. Nemi izini kafin ka ɗaga waya, ba kowace ke son hoto ba.

Hattara biyu. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa a cikin duwatsu, takalmin saboda ita ne. Ruwa kuma idan ya juyo yana cika ramukan da ke bayanka kafin ka ankara, don haka ka kamo hanyar dawowa da zarar ka ga matan sun fara tattara kaya.

Maganar sutura ba za ta dami Bahaushe ba: a gari da ƙauye ana so a rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, mata kuma suna shiga ruwa da doguwar riga ba mai kallonsu. Abincin gari halal ne. A manyan otal-otal na Turawa ne ake tambaya, don wasu suna dafa alade.

Mataki na 8: fita cikin teku

Da yawanmu ba mu iya iyo ba, kuma babu abin kunya a faɗa. Gaya wa mai jirgi tun a tudu, ka ga rigar kariya da idonka, ka ɗaura ta kafin a tayar da inji. Da ita da gilashin fuska mai bututun numfashi, kana kwance a saman ruwa za ka ga murjani da kifaye kala-kala a kewayen Mnemba, wanda ake zuwa daga Matemwe. Tsibirin kansa na masu otal ne, ba a sauka. Ku tashi da sassafe kafin jirage su yi yawa, kuma kada ka taka murjani, abu ne mai rai, shekaru yake ɗauka kafin ya tofo. Mai hali ya nemi Chumbe, wanda aka keɓe tun 1994, ana ƙayyade yawan masu shiga a rana, sai an yi rajista tun da wuri.

A Kizimkazi da ke kudu ana fita kallon kifin dolfin. Yadda wasu ke yi bai dace ba: jirage su yi ta fafarar dabbobin, mutane na faɗa musu a ka. Zaɓi mai jirgin da zai kashe inji ya jira daga nesa. Ko ba dolfin ma garin ya cancanci zuwa, saboda masallacin Kizimkazi Dimbani. An sake gininsa daga baya, amma tsohon rubutun Larabci, salon Kufi, da ke jikin bangon alƙibla yana ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma har yau ana salla a ciki. Nemi mai riƙe da makulli, ka ajiye ɗan abin sadaka.

Mataki na 9: tsaraba da komawa

Ka dawo cikin gari kwana ɗaya kafin tashinka. Daga Nungwi zuwa filin jirgi awa ɗaya da rabi ne in hanya ta yi kyau, jirgin ruwa kuma yana iya makara idan teku ya tashi. Tsaraba a Darajani ake sayenta, ba a shagunan titin baƙi ba: kanumfari, kirfa, masoro, halwa, turaren wuta na udi, hula mai aiki, da kanga, wadda ake sayarwa biyu-biyu. Kowace kanga da maganar da aka rubuta a gefenta, wata addu'a ce, wata habaici, saboda haka ka sa a fassara maka kafin ka kai wa surukarka. Ƙwanson dodon koɗi na teku da murjani da duk abin da aka yi da bayan kunkuru ka bar su inda ka gan su, ana ƙwacewa a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Sauran shilin da ya rage ka canza shi kafin ka wuce shingen jami'an shige da fice, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a gida.